Rumbu a Garin Wani: Tarihin Ajiyar Manhaja a Khartum da Omdurman

Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗauko keɓantaccen rumbun manhaja daga wani dandalin intanet zuwa wani ya san irin amsar da na'ura kan ba shi idan aikin ya ƙi. Wani lokaci takan nuna masa lamba 404, ma'ana ba a ga abin da yake nema ba, wani lokaci kuma 403, ma'ana an hana shi. Littattafan koyarwa sukan ce ya duba abu huɗu: ko mabuɗinsa ya daina aiki, ko iznin da ke tare da mabuɗin bai kai ba, ko ya yi kuskure wajen rubuta adireshin rumbun, ko kuwa mai rumbun bai sa sunansa cikin masu shiga ba. Wannan shawara tana aiki a Kano, tana aiki a Landan. A Khartum da Omdurman kuwa an yi fiye da shekara goma akwai dalili na biyar wanda littattafan ba su ambata ba, kuma ɗalibi ba ya iya gyara shi ko da zai kwana a gaban kwamfuta: sunan ƙasarsa yana cikin wani jerin sunaye da aka rubuta a Washington. Tarihin wannan dalili na biyar ne maƙalar nan za ta bi.

Kafin a yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi, tunda masu rubutu da Hausa ba su gama tsayawa a kan ɗaya ba. Rubutun manhaja shi ne umarnin da mai ƙirƙira yake tsarawa layi bayan layi domin kwamfuta ta bi. Wurin da ake tara wannan rubutu tare da tarihin duk gyaran da aka yi masa, wasu suna ce masa ma'ajiya. Ni na zaɓi rumbu, domin ma'ajiya tana iya zama aljihu ko akwati, rumbu kuwa a hankali ake zuba masa, a hankali ake ɗiba, kuma gida guda ne ke ci daga cikinsa. Iri biyu ne: buɗaɗɗe, wanda kowa ke iya dubawa ya kwafa, da keɓantacce, wanda sai mai mabuɗi. Dandali shi ne kamfanin da ke karɓar ajiyar rumbunan jama'a a na'urorinsa, irin su SourceForge, Google Code, GitHub da GitLab, kuma duka huɗun a ƙarƙashin dokar Amurka suka kasance. Saura kalmar takunkumi. Asalinta abin da ake ɗaura wa dabba a baki ne don kada ta ci ko ta yi cizo, sai 'yan jarida suka are ta domin horon da wata ƙasa ke yi wa wata ta hanyar ciniki, sannan a 2020 ta sami sabon aiki a fuskokin mutane lokacin annoba. Ma'anarta ta asali ce za ta fi yi mana amfani: takunkumi ba ya tantance abin da ya nufo bakin, ciyawa ce ko guba, duk tarewa yake yi.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa ɗalibin Hausa da Khartum. Daɗaɗɗiyar alaƙa ce. Hanyar alhazan ƙasa daga Kano ta bi ta Barno da Wadai da Darfur da Kurdufan har bakin Nilu, kuma da yawa daga cikin matafiyan ba su ƙarasa ba, ko sun ƙarasa ba su koma gida ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sannar. Ilimi ma ya bi hanyar ta ɓangarori biyu: malaman Sudan ne aka ɗauko suka koyar a Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934, kuma Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya rubuta littafi sukutum a kan Hausar Sudan da yadda take cuɗanya da Larabci. A 'yan shekarun baya, Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa da ke Khartum ta tara ɗalibai masu yawa daga Arewacin Nijeriya da Nijar. Duk wanda ya haɗa kwamfutarsa da intanet daga ɗakin kwanan ɗalibai a can, na'urorin Amurka ɗan Sudan suke ganinsa, ko da fasfon Nijeriya ne a aljihunsa.

Yadda sunan ya shiga jerin

Umar al-Bashir ya ƙwace mulki ranar 30 ga Yuni 1989. A watan Agusta 1993 Amurka ta sa Sudan cikin ƙasashen da take zargi da ɗaure wa ta'addanci gindi, a lokacin da Usama bin Laden yake zaune a Khartum, inda ya ci gaba da zama har 1996. Ranar 3 ga Nuwamba 1997 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a umarni mai lamba 13067, wanda ya hana Amurkawa da kamfanoninsu kusan kowane irin ciniki da Sudan, na kaya ne, na fasaha ne, ko na hidima. A wannan lokaci intanet bai daɗe da shiga Khartum ba, kuma babu ko ɗaya daga cikin dandalin nan huɗu a duniya. An rubuta dokar ne da tunanin man fetur da jiragen sama da bankuna, sai ta zauna tana jiran abin da ba a riga an ƙirƙira ba.

Hukumomi biyu ne ke riƙe da igiyar, kuma wanda bai raba su ba zai ruɗe idan muka iso 2018. Ma'aikatar Baitulmali, ta hannun ofishinta na OFAC, ita ke lura da ciniki da hidima da kuɗi. Ma'aikatar Ciniki kuma ita ke lura da fitar da kayan fasaha, musamman manhajojin da ke ɓoye saƙo don kada wani ya karanta a hanya, kuma kusan duk manhajar zamani tana da wannan a jikinta. A gefe guda, tun 1988 Majalisar Amurka ta yi wani gyaran doka da ake danganta shi da ɗan majalisa Howard Berman, wanda ya hana shugaban ƙasa tsare littattafai da sauran bayanan da aka riga aka wallafa. Daga nan ne bambancin buɗaɗɗen rumbu da keɓantacce ya sami nauyin shari'a. Buɗaɗɗe ya yi kama da littafin da aka buga aka baza a kasuwa, lauya yana da hujjar da zai kare shi da ita. Keɓantacce kuwa ajiya ce da kamfani ke riƙe wa mutum guda, wato hidima, kuma hidima ce dokar ta hana.

Akwai wani abu a cikin dokar da ya kamata a tsaya a kansa. A watan Oktoba 2006 Shugaba George W. Bush ya fitar da umarni mai lamba 13412, aka sassauta wa yankunan da ake ganin gwamnatin Bashir ta zalunta: Kudancin Sudan, Darfur, Dutsen Nuba, Shuɗin Nilu, Abyei, da wasu sansanonin 'yan gudun hijira huɗu a kewayen babban birni, wato Mayo, Soba, Al-Salam da Wad al-Bashir. Biyu na ƙarshen a yankin Omdurman suke. A takarda ke nan, mazaunin Wad al-Bashir yana da sauƙin da mazaunin unguwar Amarat ba shi da shi. Sai dai dandali ba ya ganin unguwa. Abin da yake gani adireshin intanet ne, wata lamba da ke nuna kamfanin sadarwar da mutum ya bi ta kansa da ƙasar da aka yi wa kamfanin rajista. Lambar Mayo da ta fadar shugaban ƙasa duk daga tukunya ɗaya aka ɗebo su. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan har wanda dokar ta ambaci sunan unguwarsa don ta tsare shi, ruwan bai bar shi ba.

Ƙofofin da suka fara rufewa

SourceForge, wanda aka buɗe a 1999, shi ne babban dandalin buɗaɗɗun manhajoji na wancan zamani. A watan Janairu 2010 ya toshe masu shigowa daga Kuba, Iran, Koriya ta Arewa, Siriya da Sudan. Abin da ya sa maganar ta yi ƙara shi ne lokacin da ta faɗo: a cikin watan ne, ranar 21, Sakatariyar Harkokin Waje Hillary Clinton ta yi jawabinta a kan 'yancin intanet. Bayan surutu ya yi yawa, SourceForge ya ja da baya cikin makonni kaɗan, ya bar wa kowane mai rumbu ya yanke wa kansa ko zai buɗe wa waɗannan ƙasashe. Google Code, wanda ya fara aiki a 2006, shi ma ƙasashe biyar ɗin nan ya rufe wa ƙofa, kuma 403 ce amsar da yake ba su. A watan Maris 2015 Google ya sanar zai rufe dandalin gaba ɗaya, ya tanadi wata hanya ta kwashe rumbu zuwa GitHub da danna maɓalli, ya ba da wa'adi zuwa Janairu 2016. Maɓallin yana cikin gidan da aka hana ɗan Khartum shiga.

Mutane ba su naɗe hannu ba. Manhajar VPN, wadda ke sa na'ura ta bayyana kamar daga wata ƙasa take magana, ta zama kayan aikin yau da kullum ga ɗaliban Jami'ar Khartum da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan da takwarorinsu na Omdurman. Amma dabarar tana da tsada ta wata fuskar. Tana rage gudun layin da dama can ba shi da ƙarfi, tana yankewa a tsakiyar ɗauko babban rumbu, kuma wanda ya ce yana Jamus alhali yana Bahri ya ba kamfani hujjar rufe asusunsa duk ranar da aka gane. Da Coursera ya toshe ɗaliban Sudan a Janairu 2014, matasa masana kwamfuta a Khartum suka ɗaga murya da gangamin neman a cire takunkumin fasaha, suna masu cewa gwamnati tana samun kayan leƙen asirinta ta bayan fage, talaka ne kaɗai ke rasa darasi. Kafin shekarar ta ƙare Coursera ya sake buɗewa, kuma a Fabrairu 2015 OFAC ya ba da izni na bai-ɗaya a kan wayoyi da kwamfutoci da manhajojin sadarwa tsakanin mutane.

Sai dai izni daban, amincewar kamfani daban. A ƙarshen Yuni 2014 bankin BNP Paribas na Faransa ya amsa laifin karya takunkumin Amurka a kan Sudan da Iran da Kuba, aka ci shi tarar kusan dala biliyan 8.9. Kowane lauyan kamfani ya ga wannan adadi. Idan ya auna shi da ɗan abin da za a samu daga masu amfani a Sudan, waɗanda ba su ma da katin biyan kuɗi na ƙasa da ƙasa, lissafin a fili yake. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi, to balle wanda ya ga an sari babban banki a gabansa.

Rumbun da kowa ke da kwafinsa

A nan sai mun ɗan koma baya domin mu fahimci abin da ya hana lamarin zama asara gaba ɗaya. A watan Afrilu 2005 Linus Torvalds, mai Linux, ya rubuta manhajar Git bayan saɓani ya raba jama'arsa da kamfanin BitKeeper da suke amfani da kayansa kyauta. Wato Git kansa ɗan rufe ƙofa ne: an ƙirƙire shi ne bayan mai gida ya janye izni. Tsarinsa shi ne duk wanda ya kwafi rumbu ya kwafe shi ne da tarihinsa duka, tun daga layin farko. Kowane gyara yana ɗauke da sunan wanda ya yi shi da lokacin da ya yi, kuma yana ɗaure da wanda ya gabace shi ta wata lamba da ba ta yarda a taɓa na baya ba tare da na gaba ya tona ba. Ɗalibin da ya karanta hadisi zai ga kamar isnadi, wanda kuma ya taɓa riƙe littafin hannu daga gafakar malami zai tuna yadda mai kwafi kan rubuta sunansa a ƙarshe. Littafin da ke hannun almajirai goma a garuruwa goma, gobarar gari ɗaya ba ta cinye shi.

To me dandali ke ƙarawa? Wurin haɗuwa. GitHub, da ya buɗe a 2008, ya ɗora a kan Git abubuwan da ba sa cikin kwafi: jerin matsalolin da aka kai ƙara, muhawarar da aka yi kafin karɓar gyara, da tsarin wanda ke da iznin me. Umarnin kwafi na yau da kullum yana ɗauko rubutu da tarihinsa, amma ba ya ɗauko waɗannan. Shi ya sa ɗauko rumbu daga dandali zuwa dandali ke buƙatar mabuɗin da tsohon dandali ya bayar, wanda sabon zai nuna a madadin mai rumbun. Idan ɗaya daga cikin biyun ya ƙi amsa wa Sudan, aikin ya tsaya, ko da mabuɗin lafiyarsa lau.

GitHub bai rufe wa Khartum ƙofa irin yadda Google Code ya yi ba, amma kafin 2019 keɓantaccen rumbu a wurinsa na kuɗi ne, dala 7 a wata. Dala 7 ba ita ce matsalar ba, hanyar biyanta ce, domin a lokacin bankunan Sudan ba su da alaƙa da Visa ko Mastercard. Sai mai ɗan'uwa a Jidda ko Dubai da zai ara masa kati. Saboda haka ƙaramin kamfanin da ke rubuta wa wani asibiti ko kantin magani manhaja, wanda ba zai iya baza aikin abokin cinikinsa a fili ba, hankalinsa kan koma GitLab ko Bitbucket, inda keɓantaccen rumbu kyauta ne.

Shekarar 2018

A Janairu 2017, ana saura kwanaki ya sauka, Barack Obama ya dakatar da takunkumin ciniki, kuma ranar 12 ga Oktoba 2017 gwamnatin Donald Trump ta soke shi. An yi murna a Khartum. Wata takwas bayan haka, ranar 4 ga Yuni 2018, Microsoft ya sanar zai sayi GitHub a kan dala biliyan 7.5. Masu ƙirƙira da yawa a duniya, waɗanda ba su manta tsohuwar gabar Microsoft da buɗaɗɗun manhajoji ba, suka fara kwashe rumbunansu zuwa GitLab, har kamfanin ya ce abin da ke shigo masa a rana ya ninka sau goma.

Ba a yi wata uku ba GitLab ya tashi da na'urorinsa daga Azure, girgijen Microsoft, ya koma girgijen Google. A cikin sanarwar ƙaurar ya sa wani ɗan gargaɗi ga masu amfani a Kirimiya, Kuba, Iran, Koriya ta Arewa, Siriya da Sudan: mai yiwuwa bayan ƙaura ba za su iya shiga ba, domin Google ya ce akwai hanin doka a kan waɗannan wurare, don haka su sauke rubutunsu su fitar da ayyukansu tun da wuri. An yi ƙaurar ranar 11 ga Agusta 2018. Wanda ya bar GitHub a Yuni don tsoron Microsoft ya yi gudun gara ya tadda zago.

Wannan shi ne misalin da ya fi kowane bayyana matsalar, kuma ya kamata a yi wa kowa adalci a cikinsa. GitLab ba shi ya yanke hukuncin ba, mai gidan da ya kama haya ne. Google kuma ba a kan iska ya tsaya ba: Baitulmali ta saki igiyarta a 2017, amma sunan Sudan bai fita daga jerin 1993 ba, saboda haka Ma'aikatar Ciniki tana nan riƙe da tata. Kamfanin Docker ma ya daɗe yana nuna wa masu shigowa daga Sudan wannan jeri na wurare shida. Duk da haka, a ganina akwai sakaci da ba doka ce ta tilasta shi ba. Jerin ƙasashen da ake toshewa wani ɗan layi ne da injiniya ya rubuta shekarun baya, wani ya kwafa daga wurinsa, wani ya kwafa daga na biyun. Ƙara suna a ciki ba ya buƙatar iznin kowa, cire suna kuwa sai lauya ya sa hannu, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin komawa ya duba duk lokacin da doka ta canza.

Har lambar da na'ura ke nunawa tana da nata laifin. GitHub da gangan yake ba da 404 ga wanda ya nemi keɓantaccen rumbu ba tare da izni ba, don kada baƙo ya san ma akwai rumbun. Hikima ce ta tsaro, amma tana sa mai gyara ya rasa ko adireshi ya ɓata ko mabuɗi. Ita kuma 403 hani kawai take faɗa, ba ta faɗin dalili. A Disamba 2015 an amince da wata lamba ta musamman, 451, domin abin da doka ta hana nunawa, an ɗauko ta daga sunan littafin Ray Bradbury a kan ƙona littattafai. Da ita ake nuna wa ɗalibin Omdurman, da ya san tun a minti na farko cewa ba kuskurensa ba ne, da bai ɓata dare yana sake ƙirƙirar mabuɗi ba. Hanyar gwajin da ta rage masa ita ce ya maimaita aikin ta VPN: in ya wuce, ya gane ciwon ba a kwamfutarsa yake ba.

A Janairu 2019 GitHub ya mayar da keɓantaccen rumbu kyauta. A Yuli na shekarar ya taƙaita asusun mutanen Iran da Siriya da Kirimiya, ya bar musu buɗaɗɗun rumbuna ya kulle keɓantattu, daidai bisa bambancin da muka gani a sama. Sudan ba ta cikin wannan karon. Sai dai a lokacin 'yan Khartum suna fama da wata rufewar daga cikin gida. Bayan an tumɓuke Bashir ranar 11 ga Afrilu, aka tarwatsa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja ranar 3 ga Yuni da kisa mai yawa, sannan majalisar soja ta yanke intanet na wayar hannu. Wani lauya, Abdul'azim Hassan, ya kai kamfanin Zain ƙara ya yi nasara, sai aka maido da layinsa shi kaɗai, tunda da sunansa ya shigar da ƙarar. Sauran jama'a sai 9 ga Yuli. An sake yankewa bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, fiye da mako uku. A irin waɗannan kwanaki tsarin Torvalds ya nuna amfaninsa: Git yana rubuta gyara ba tare da intanet ba, kuma da umarnin git bundle ana iya dunƙule rumbu duka a fayil guda, a sa a filashi, a haye gada da shi daga Omdurman zuwa Khartum.

Sunan Sudan ya fita daga jerin masu ɗaure wa ta'addanci gindi ranar 14 ga Disamba 2020, bayan gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta amince da biyan diyyar dala miliyan 335 ga waɗanda hare-haren ofisoshin jakadancin Amurka a Kenya da Tanzaniya na 1998 da na jirgin ruwan Cole na 2000 suka shafa. A Janairu 2021 Ma'aikatar Ciniki ta gyara nata ƙa'idojin. Shekara 27 ke nan daga shigar sunan.

Da kiɗa ya juya

Duk darasin da shekarun takunkumi suka koyar shi ne kada a amince wa rumbun nesa, a riƙe kwafi a gida. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Khartum tsakanin sojojin Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Muhammad Hamdan Dagalo, sai gidan ya zama shi ne wurin da ba shi da aminci. An wawashe gidaje da ofisoshi da jami'o'i. A Omdurman ɗakin karatun Cibiyar Muhammad Umar Bashir ta Nazarin Sudan, da ke Jami'ar Ahliyya, ya ƙone a farkon watannin yaƙin tare da takardun da aka yi shekaru ana tarawa. A ƙarshen Afrilu motocin safa suka kwashi ɗaliban Nijeriya daga harabar Jami'ar Afirka zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki a tsaye kafin jirgin farko ya sauke su a Abuja a farkon Mayu. Wasu ta Port Sudan suka fita. Wanda aikin digirinsa ke cikin kwamfutar da ya bari a ɗaki, ya bar shi ke nan. Wanda ya tura shi wani keɓantaccen rumbu a na'urorin da ke wata nahiya, wato wurin da aka yi shekaru ana gargaɗinsa a kai, shi ne ya buɗe aikinsa a Kano ko Alƙahira ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Shi ma sai in yana da mabuɗi. Tun 13 ga Agusta 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen turawa da ɗauko rumbu, sai mabuɗi na musamman. Daga Maris 2023, wata guda kafin yaƙin, ya fara tilasta wa masu ƙirƙira tabbaci na biyu, wanda galibi a wayar hannu yake zaune. Matakin tsaro ne mai kyau, kuma an gina shi a kan zaton cewa waya tana tare da mai ita. A shingayen hanyar fita Khartum waya tana cikin abin da ake fara ƙwacewa. Ka'idar kamfanin kuma a fili take: wanda ya rasa wayar, ya rasa lambobin ceto da aka ba shi ranar da ya kunna tsarin, kuma ba shi da wata na'ura ko mabuɗin da asusun ya sani, ma'aikatansu ba za su buɗe masa ba. Rumbun yana nan lafiya, babu dokar wata ƙasa da ta hana shi, amma idan ya neme shi daga sabon asusu 404 zai gani.

A Fabrairu 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk ƙasar, aka ɗora wa RSF alhakin kashe cibiyoyin na'urorinsu da ke Khartum. Manhajar Bankak ta Bankin Khartum, wadda miliyoyin mutane ke karɓar taimakon 'yan'uwa ta cikinta, ta tsaya tare da su, har kamfanonin suka tayar da sababbin cibiyoyi a Port Sudan. Mutane suka koma biyan kuɗin sa'a guda a wurin masu kwanon Starlink da aka shigo da su ta kan iyaka. Sojoji sun karɓe gidan rediyo da talabijin na Omdurman a Maris 2024, sun karɓe fadar shugaban ƙasa a Maris 2025, jama'a suka fara komawa unguwanninsu suna tarar da wayoyin lantarki an tone an sayar. A watan Mayu 2025 kuma gwamnatin Amurka ta ce ta tabbatar sojojin Sudan sun yi amfani da makamai masu guba, zargin da suka musanta, ta sanar da sabon takunkumi wanda ya haɗa da taƙaita fitar da wasu kayayyakin Amurka zuwa ƙasar. Ya fara aiki a ƙarshen Yuni na shekarar.